Neman amfilifaya mai kaurin murya da ƙaramin aljihu

4 ga Janairu

Na buɗe wannan littafi ne don in hana kaina abin da na saba: in ga kaya, zuciya ta ɗauka, in biya, bayan sati biyu in koma cizon yatsa. Shekara uku ke nan ina kaɗa jitar lantarki ta cikin wata 'yar amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara sautin jita, da aka haɗo mini da jitar tun ranar da na saya. Ta yi mini hidima, ba zan yi mata butulci ba, amma muryarta siririya ce kamar kukan sauro a cikin gwangwani. In na ja tsirkiya sama ina jiran kukan nan mai kauri na kiɗan buluz, sai ta ba ni tsuwwa.

Sharuɗɗana uku ne. In iya ɗaukarta da hannu ɗaya, jita na ɗaya hannun. Ta ba ni murya mai kauri ba tare da na tashi maƙwabta daga barci ba. Kuma kada ta wuce kuɗin da na ware. Kuɗin na raba su gida goma: bakwai na amfilifayar, uku na ajiye don abin da ka iya tasowa. Da wannan lissafin zan riƙa rubuta duk abin da na kashe.

6 ga Janairu

Yau ban taɓa jita ba, saurare kawai na yi. Na ga ya kamata in san me nake nufi da kauri kafin in fita nemansa. Da can ina ɗauka kauri shi ne amon ƙasa, wato wannan gudum-gudum da ke girgiza ƙirji. Da na zauna na saurari tsofaffin makaɗan buluz na birnin Shikago a Amurka da kunnen basira, sai na gane ba haka ba ne. Amon ƙasa aikin mai jitar bes ne. Abin da ke cika kunne a jitarsu sautin tsakiya ne, inda muryar mutum take zaune, ga ɗan kaushi a gefensa, kuma sautin ba ya mutuwa da wuri, yana jan numfashi kafin ya lafa. Kaifin saman nan mai soke kunne kuma an rage shi.

To abin da nake nema ke nan: tsakiya cike, sama a lanƙwashe, da ɗan kaushi mai zuwa in na matsa wa tsirkiya, ya kuma tafi in na sassauta.

9 ga Janairu

Na fara da masu aiki da batir, don su ne suka fi dacewa da sharaɗin farko. Na rubuta huɗu. Pignose 7-100, wadda ta fito tun 1973, wat 5 ce (wat shi ne ma'aunin ƙarfin amfilifaya), sifikarta inci 5, batir shida ƙanana, maɓallinta guda ɗaya tak mai siffar hancin alade. Roland Micro Cube ta farko wat 2 ce da sifika inci 5. Boss Katana Mini wat 7 da sifika inci 4. Blackstar Fly 3 kuwa wat 3 da sifika inci 3.

Abokina da nake kira Yaya, wanda ya girme ni a shekaru da kuma a kiɗa, ya ara mini wata irin wannan ajin, ba ɗaya daga cikin huɗun ba, wata ce da ba ta yi suna ba, mai sifika inci 3. Ya ce, "Ƙanena, riƙe ta kwana uku kafin ka kashe ko sisi a kan irinta."

Na riƙe. A kan tsirkiyoyin sama ba laifi, har na yi murmushi. Da na sauko kan tsirkiya mafi kauri sai asiri ya tonu. Wannan tsirkiyar, in an kaɗa ta a sake, tana girgiza kusan sau 82 a daƙiƙa, kuma sifika mai faɗin tafin yaro ba ta da ƙarfin tura iskar da wannan amo yake buƙata. Abin da ke fitowa inuwar sautin ce kawai. Na ƙara mata kaushi ko zai rufe giɓin, sai ta koma kukan zuma a cikin kwalba. Na jingina ta da kusurwar ɗaki, ta ɗan yi jiki, amma kaɗan.

Hukuncina: irin waɗannan na atisaye ne a kan gado ko a tafiya. Ba su da laifi, ni ne na zo musu da buƙatar da ba don ita aka ƙera su ba. Na haƙura da batir. Zan nemi mai shiga soket, in dai hannu ɗaya zai ɗauke ta.

12 ga Janairu

Na mayar wa Yaya kayansa. Atisaye na minti arba'in. Ban kashe komai ba.

15 ga Janairu

Yau na warware wani ruɗu da ya daɗe a kaina, wato batun wat. Ina zaton mai wat 50 ta ninka mai wat 5 ƙara sau goma. Ashe kunnen ɗan Adam ba haka yake lissafi ba. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti, abin da za ka ji ya ɗan motsa ne kurum. Sai ka ninka sau goma kafin kunne ya ce ƙarar ta ninka biyu. Ke nan mai wat 5 tana ba da kusan rabin ƙarar mai wat 50, in sifikarsu iri ɗaya ce. Wannan ba ƙaramar ƙara ba ce a cikin ɗaki.

Dalilin da ya sa wannan ya dame ni shi ne, amfilifaya mai bawul, wato waɗannan kwalaben gilashi masu ɗaukar zafi irin na tsohuwar rediyo, ba ta sakin kaushinta mai daɗi sai an matsa mata ta kusa ƙure ƙarfinta. Mai wat da yawa, kafin ta kai nan, ta riga ta kori kowa daga gida. Shi ya sa ake son ƙanana. Fender Champ ta ƙarshen shekarun 1950 ita ce uwar wannan ajin: wat 5, bawul 6V6 guda ɗaya na ƙarfi, 12AX7 guda ɗaya a gaba, sifika inci 8, maɓallin ƙara ɗaya mai lamba har 12. Ta asali ta fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba, amma an yi ta ƙera masu bin tsarinta, kamar Epiphone Valve Junior da Bugera V5, dukansu wat 5 da sifika inci 8, sai dai su bawul EL84 suke amfani da shi.

19 ga Janairu

Na bi Yaya wurin atisayensu. Mai jitarsu yana da Fender Blues Junior, wadda aka fara fitarwa a 1995: wat 15, EL84 biyu, sifika inci 12, da wani maɓalli da ake dannawa ya ƙara wa sautin jiki. Ya ba ni na kaɗa minti goma. An ce gani ya kori ji, amma yau ji ne ya kori gani, domin duk hotuna da bayanan da na kwana ina dubawa ba su gaya mini abin da minti goman nan suka gaya mini ba. Wannan ita ce muryar. Sai dai nauyinta ya kai kilo 14, kuɗinta ko ta hannu ce sun haura gida goman nawa gaba ɗaya, kuma kafin ta fara kaushi sai da muka daina jin maganar juna.

A hanyar dawowa muka yi gardama. Yaya ya ce in daina bautar bawul. Ya tuna mini cewa shahararren makaɗin buluz B.B. King ya shafe shekaru yana kaɗa jitarsa Lucille ta cikin Lab Series L5, wadda ba ta da bawul ko ɗaya, taransisto ce zalla, kuma ba wanda ya taɓa cewa muryarsa siririya ce. Shawararsa in sayi irin Boss Katana 50, mai sifika inci 12, wadda ake iya sauke ƙarfinta zuwa rabin wat, ba ruwanka da canjin bawul. Gaskiya ya faɗa, kuma ban da amsar da zan ba shi. Abin da na ce kawai shi ne, "Yaya, ni dai ina so in ji abin nan yana numfashi a ƙarƙashin yatsuna." Ya yi dariya ya ce wannan ba hujja ba ce, kwaɗayi ne. Na yarda kwaɗayi ne.

24 ga Janairu

Na samu. Wani ya sa tasa a kasuwa, ta hannu, wat 5, bawul biyu, sifika inci 8, maɓallin ƙara da na sauti. Na tafi da jitata da wayarta, don ban yarda in gwada da kayan mai sayarwa ba. Na fara duba rubutun bayanta in tabbatar ƙarfin wutar da take sha ya dace da na soket ɗina, saboda akwai waɗanda aka ƙera don bolt 120, akwai na 230, kuma in ka haɗa ta inda ba nata ba, to sai dai labari. Na kunna, na jira ta ɗumama, na saurari gunjinta ba tare da na taɓa tsirkiya ba: kaɗan ne. Na murɗa maɓallan biyu, ba su yi wata ƙara ba. Na leƙa takardar sifikar, ba yagewa.

Abin da ban yi ba shi ne in buɗe mata ƙara sosai in bar ta haka na ɗan lokaci. Mutumin yana da jariri yana barci, na ji nauyi. Na biya gida shida cikin goma na ɗauko.

25 ga Janairu

Awa uku ban ajiye jita ba. Yatsuna sun yi kanta.

28 ga Janairu

Murna ta koma ciki. Da rana, da gidan ya zama ba kowa, na kai maɓallin ƙara wajen bakwai. Minti biyar da farawa sai wani siririn fito ya taso, fiii, yana ƙaruwa ko na dafe tsirkiyoyi. Na zare wayar jita gaba ɗaya, fiton bai daina ba. Na rage ƙara ya ɓace, na ƙara ya dawo. Bayan haka kuma, duk lokacin da na kaɗa wani sauti guda a tsirkiya ta biyar, sai akwatin ya amsa da karkarwa kamar an zuba tsakuwa a faranti.

Nan na yi wauta biyu. Ta farko, don in gane ko sifikar ce ke karkarwa, na cire wayarta daga baya alhali amfilifayar tana kunne. Daƙiƙa kaɗan ne, Allah Ya taƙaita. Ta biyu, na ɗauko sukundireba zan buɗe cikinta, sai na ce bari in kira Yaya tukuna.

Bai bari na gama bayani ba. "Ajiye ƙarfen nan yanzun nan," in ji shi. Ya ce a cikin mai bawul akwai kafasito masu riƙe wuta ta ɗaruruwan bolt, kuma suna iya riƙe ta ko bayan an zare daga soket, mutum ya kai hannu ya gamu da ajalinsa. Da na faɗa masa ta farkon kuwa sai ya yi shiru, sannan ya ce mai bawul ba a taɓa kunna ta ba sifika, domin ƙarfin da ba shi da wurin zuwa yana komawa ya ƙone taransifomar da ke ciyar da sifikar, kuma wannan tana cikin kaya mafi tsada a cikin akwatin. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ya koya mini gwajin da ba shi da haɗari, tunda bawul ɗin suna leƙowa ta baya ba sai an kwance komai ba. A kunna, a ɗauki fensir na katako, a ɗan ƙwanƙwasa kowane bawul a hankali. Na ƙwanƙwasa babban, shiru. Na ƙwanƙwasa ƙaramin, sai ga ting, ting tana fitowa ta sifika kamar an buga kofin gilashi. Ƙarafan cikinsa sun saki, ya zama kamar makirufo: yana jin girgizar sifika, ya mayar mata, ita ma ta mayar masa, har fiton ya tashi. Da na buɗe ƙara a gidan mai sayarwa, da na kama wannan tun a can na nemi ragi. Ban ce ya ɓoye mini ba, wataƙila shi ma bai taɓa kai ta bakwai ba.

1 ga Fabrairu

Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran tsofaffin rediyo da kayan sauti. Na ce, "Baba, don Allah a duba mini taransifomar, na yi mata ganganci." Ya auna ya ce lafiyarta ƙalau, amma kada in ƙara. Ya sa sabon 12AX7, fiton ya tafi. Karkarwar kuwa ba sifika ba ce, sukurori biyu ne na allon baya suka saki, ya ɗaure su cikin minti ɗaya.

Ya nuna mini wani bawul, 5751, mai shiga gurbi ɗaya da 12AX7 amma ƙarfin haɓaka sautinsa wajen 70 ne maimakon 100. Ya ce yana sa kaushin ya zo a hankali, ya fi laushi. Na so in ɗauka, na tuna lissafi, na bari. Bawul da ladan aiki sun ci gida ɗaya. An kashe bakwai, saura uku.

5 ga Fabrairu

Lissafin ranar 15 ga Janairu ya dawo ya same ni. Muryar da nake so tana zaune tsakanin shida da takwas a maɓallin ƙara, kuma a nan wat 5 ɗin nan ihu take yi. Da dare ba zan iya wuce uku ba, a uku kuwa tsaf take, kyakkyawa amma ba kauri. Bugera V5 tana da maɓalli a baya mai sauke ƙarfi daga wat 5 zuwa 1 zuwa 0.1. Tawa ba ta da shi, kuma ban kawo wannan a raina ba ranar saye.

Mafita ita ce feda, ƙaramin akwatin da ake takawa da ƙafa ya ƙara kaushi kafin sauti ya isa amfilifaya. Wadda ta fi suna a wannan kiɗan ita ce Ibanez Tube Screamer, koriyar nan da makaɗin buluz Stevie Ray Vaughan ya yi amfani da ita. Sirrinta ba yawan kaushi ba ne: tana ɗaga sautin tsakiya, wajen girgiza 700 da 'yan kai a daƙiƙa, tana kuma rage amon ƙasa. Na sami kwaikwayonta ta hannu a kan gida ɗaya da rabi.

Daren farko na cika mata kaushi, ta koma laka, ba a rarrabe tsirkiya da tsirkiya. Sai na juya: kaushi ƙasa wajen biyu, ƙarar fedar sama. Nan ta zauna. Rage amon ƙasan da na ji tsoro ma alheri ya zama, don sifika inci 8 ta daina fama da abin da ba za ta iya ɗauka ba.

10 ga Fabrairu

Abin kunya, rabin kaurin da nake nema yana jikin jitar tun tuni, kyauta. Shekara uku ina kaɗawa da fikof, wato abin da ke ɗaukar girgizar tsirkiya a jikin jita, na kusa da gadar da tsirkiyoyi ke hawa a ƙasan jita, mai kaifi, duk maɓallan a ƙure. Wannan satin na koma na kusa da wuya, na sauke maɓallin sauti zuwa shida, na ƙarar jita zuwa bakwai, in ana son kuka in ƙure shi. Na kuma ajiye 'yar robar kaɗawa na gwada naman babban yatsa. Bambancin ya fi wanda fedar ta kawo, abin da ya ɗan ɓata mini rai in na tuna gida ɗaya da rabi.

Na canza tsirkiyoyi daga lamba 9 zuwa 11. An san Stevie Ray Vaughan da masu kauri har lamba 13, ni ban kai wannan jarumtar ba. Kwana biyu da sawa wuyan jitar ya ɗan sunkuya saboda ƙarin ja, tsirkiyoyi suka yi nisa da allo. Na murɗa sandar cikin wuya kwata guda, na bar ta ta kwana, ta daidaita. Jan tsirkiya sama yanzu aiki ne, yatsana na zobe yana ƙorafi.

13 ga Fabrairu

Atisaye kawai. Yatsu sun fara sabawa.

16 ga Fabrairu

Gwajin ɗauka. Na ɗora ta a sikeli, ta ɗan haura kilo tara. Jita a kafaɗa, amfilifaya a hannun dama, feda da wayoyi a jaka. Minti goma na farko lafiya, daga nan na fara sauya hannu. A kan matakala mariƙin ya tsage ta gefe ɗaya, na tare ta da gwiwa kafin ta kai ƙasa. Gabana ya faɗi saboda gilasan ciki. Na kunna a wurin atisaye, ba abin da ya same su.

Da mai ganga ya shigo kuwa sai ta nutse. Na ƙure ta, kaushin ya yi daɗi, amma daga tazarar taku biyar ba a jin ni. Muka ɗora ta a kan kujera ta fuskanci kunnuwanmu, muka sa makirufo a gaban sifikar, ɗan gefe da tsakiya don kada kaifi ya yi yawa. Da haka aka ƙarasa.

Sabon mariƙi da tsirkiyoyin makon jiya sun ci rabin gida. An kashe tara, saura ɗaya.

21 ga Fabrairu

Yaya yana da akwatin sifika inci 12 da ba ya amfani da shi. Muka duba bayan amfilifayata don ganin om, ma'aunin da ake so ya zo ɗaya tsakanin amfilifaya da sifika: om 8. Akwatinsa ma om 8. Na kashe ta, na jira, sannan na cire wayar ƙaramar sifika na haɗa babbar, wannan karon bisa ƙa'ida. Muka yi amfani da wayar sifika ta ainihi, ba wayar jita ba.

Wat biyar ɗin nan dai, bawul ɗin nan dai, amma kamar an canza mata maƙogwaro. Tsirkiya mafi kauri ta fito da jikinta, ƙarar ma ta ƙaru ba tare da na taɓa maɓalli ba. Na cire fedar gaba ɗaya ban ji na rasa komai ba. Yaya bai ce uffan ba, ya dai dube ni, na san yana tuna mini inci 12 ɗin da ya ce in saya tun ranar 19 ga Janairu.

Akwatin ba zai ɗauku da hannu ɗaya tare da sauran kaya ba, don haka ba zai zama na yawo ba. Na auna allon gaban amfilifayata da tef: in an faɗaɗa ramin, inci 10 za ta shiga, amma da ƙyar, kuma dole in tabbatar maganaɗisun sifikar ba zai taɓa bawul ba. Gida ɗayan da ya rage ba zai sayi sifika mai kyau ba. Na yanke shawarar sayar da tsohuwar 'yar amfilifayar da fedar in haɗa. Ranar Asabar zan kai wa Baba mai gyara ita ya auna zurfin akwatin kafin in yi odar komai, in kuma tambaye shi ko 5751 ɗin nan yana nan.